Baƙin Babur da Maƙwabcina Ya Bar Mini

Lokacin da aka dawo da ni Abuja aiki a wata ma'aikatar tarayya, iyalina na Kano, ni kuwa ina ɗaki ɗaya a Garki. Zamanin farar hula ne, gine-gine na ta tashi, amma ranar Lahadi garin kamar an share shi. Don in rage zaman ɗaki na sayi babur irin na tsere, ja, ɗan madaidaici.

Shi ya haɗa ni da maƙwabcina, wani Bayarabe injiniya a kamfanin waya. Nasa baƙi ne, dogo, ya fi nawa girman inji nesa ba kusa ba. Hausarsa irin ta Abuja ce. Ranar da ya fara ganin nawa ya zagaya shi yana dariya.

"Oga, wannan babur naka yarinya ne. Ka fito Lahadi mu gani."

Muka riƙa fita da safe ta hanyar Gwagwalada, mu wuce Kwali har Yangoji, mu sha fura a bakin titi mu juyo. A miƙaƙƙiyar hanya sai dai in ji iskarsa ta wuce ni. Da an zo kwana kuma in same shi yana ta fama, in bi ta gefensa. Na ɗauka tsoro ne, har ina tsokanarsa. Bai taɓa musu ba.

Daga baya kamfaninsu ya tura shi Fatakwal. Da zai tafi ya miƙo mini makulli.

"Ka riƙa hawa, kar batir ya mutu. Zan dawo bayan damina."

Sai na zama mai babur biyu, ba abokin tafiya. Wannan Lahadi in ɗauki ja, mai zuwa in ɗauki baƙi.

Jan nawa ba ya son gardama. Kafin ka gama tunanin karkata ya riga ya kwanta cikin kwana, birkinsa kuma da yatsu biyu yake kamawa. Aibinsa shi ne kowace tsakuwa sai ya gaya maka. Ga mazauninsa a tudu, hannuwa a ƙasa, kana kife kan tanki har wuyan hannu ya yi tsami. Idan tirela ta wuce sai ya yi rawa. Baƙin kuwa zama ake yi a cikinsa. Gargada ba ta dame shi ba, ƙararsa ƙasa-ƙasa, kana murɗa totur kaɗan sai ka ga bishiyoyi na komawa baya ba tare da ka ji komai a jikinka ba. A cunkoson Nyanya ne na tsane shi, don zafin injin yana gasa cinya, ga nauyi duk sanda ka sa ƙafa ƙasa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na fita da shi. Gab da Yangoji akwai wata kwana da na saba shiga da ja ba tare da na taɓa birki ba. Na karkata jikina kamar kullum, babur ya ƙi. Kai tsaye yake son tafiya. Na danna hannun da ƙarfi, na taka birki, muka sauka gefen titi cikin laka. Gudu ya riga ya ƙare, sai kawai ya kwanta a hankali, ni ma na zame.

Ban ji ciwo ba. Na cire hular kwano na kama shi in tayar, ko motsi bai yi ba. Na juya baya na tokare, ƙafata na sulɓewa. Motoci na wucewa, kowa ya kalla ya yi gaba. Na zauna a kan wani dutse ina kallon hanyar da muka fito, kamar wani zai ɓullo.

Wasu manoma biyu ne da suka fito daga gonar doya suka taimake ni. Babban cikinsu ya ce, "Sannu Malam. Kai kaɗai kake yawo da wannan abu?"

Na ce ni kaɗai.

Da na dawo gida na kira mai babur, na ce masa na faɗi da shi. Ina ɗokin gaya masa cewa yanzu na gane abin da yake sha a kwana.

"Oga, ka ji ciwo?"

"A'a. Ashe ba tsoro kake ji ba, babur ɗin ne..."

"Ina cikin mitin, zan kira ka."

Bai kira ba sai bayan makonni, ya ce ya samu gida a can, iyalinsa ma sun bi shi. Ya turo motar ɗaukar kaya. Na taya direban ɗaure babur ɗin da igiya, na cusa tsumma inda za ta goge fenti, na tsaya har suka sha kwanar layinmu.

Na ci gaba da hawan ja har shekarar da iyalina suka tare. Amma na daina zuwa nesa. Iyakata hanyar filin jirgi, in kewayo, in dawo kafin azahar in wanke shi a ƙofar gida.