Muryar da Ta Sayar da Tumatirin Gaspare

Kafin masu kifi su gama zuba ƙanƙara, Goggo Provvidenza ta riga ta ɗora kasko. Ta yanka panelle, ƙosan nan namu na garin wake, ta jefa a mai, ta tsaga burodi. Haka muka taso muka same ta a bakin layin 'yan gwari na kasuwar unguwarmu a Palermo. A makon nan za ta sauke kaskon, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

A kasuwarmu kaya ba sa sayar da kansu. Waƙe su ake yi da ƙarfi, kowa da salonsa, wanda ya yi shiru kuwa masu saye su wuce shi kamar turke. To, wata shekara Gaspare mai tumatir, maƙwabcin rumfarta, aka yi masa aiki a maƙogwaro ya dawo ba murya. Tumatir na ruɓewa a gabansa, ga 'ya'ya a makaranta. Har ya fara neman wanda zai karɓi rumfar.

Wata safiya sai muka ji waƙar Gaspare ta tashi daga bayan kasko: "Ja jawur, yanzu aka tsinko! Ku zo ku ga tumatir!"

Turiddu mai kifi ya leƙo. "Goggo, yaushe kika koma 'yar gwari? Ƙosanki zai ƙone!"

"Ya ƙone mana, ai ya fi kifinka na shekaranjiya! Kai Gaspare, auna wa baiwar Allah nan, ka daina kallona."

Kafin rana ta take, kwandunansa wayam. Da idona na ga Gaspare ya juya baya yana share hawaye.

Shekaru ke nan ana haka. Ke ce, Goggo, hannu na suya baki na talla, tallan ma na wani. Ko tumatir ɗaya ba ki taɓa yarda kin karɓa kyauta ba. Wallahi muna alfahari da ke.

Da maganar tafiyarta ta bazu, kowa Gaspare ya tuna. Ita kuwa ta tsare Turiddu. "Ba inda zan je sai na ji ka rera waƙar Gaspare."

Ya rera. Ta toshe kunne. "Muryar jaki, amma za ta yi."

Jiya mai kifi, mai zaitun da mai cuku suka ɗauki waƙar tare, har masu cin burodi a tsaye suna amsawa. Gaspare bai samu zama ba sai da ya kife kwando na ƙarshe.

Mun gode, Goggo, a huta lafiya. Ku kuma da Allah ya bar muku murya, ku duba rumfar da ke gefenku.