Gwaggo da Daɓen Tsakar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da tsadar abinci ta sa gidaje da yawa a ƙauyenmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana, mahaifiyata ta zame a taɓon tsakar gida ta karye a ƙugu. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma tsoro bai sake ta ba. Daminar nan kaf a ɗaki ta yi ta, ko alwala sai an kai mata kwano, matar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

A lokacin ina awo a rumfar wani mai hatsi a Dawanau. Da ya gama gininsa sai ya ba ni ragowar siminti, buhu bakwai. Na san idan na ɓarar da shi ba ni da halin sayen wani. Na ƙudura zan yi mata daɓen siminti daga ƙofar ɗakinta zuwa madafi da banɗaki, kafin ruwan wata daminar ya sauka.

Birkilan da na samo a Gezawa ya ce in cike ramukan wurin da ƙasa mai kyau kafin ya zo. To, ni ɗan manomi ne. Tun tasowata ƙasa mai kyau ita ce baƙa, mai taushi, wadda ta sha taki. Sai na nufi turken awaki, na yi kwana biyu ina jida a baro. Na baje, na shafe da bayan shebur, na koma gefe ina kallon aikina kamar wanda ya gina masallaci.

Ana haka sai ga gwaggona, yayar mahaifinmu, ta zo duba mahaifiyata. A zamaninta ita ce ke jan ragamar mata duk gidan da za a yi daɓe. Ta caka sandarta a ƙasa, sanda ta nutse. Ta duƙa ta damƙo ƙasar ta shinshina.

"Ɗan nan, gero za ka shuka mata a ƙofar ɗaki?"

Na shiga yi mata bayani irin na wanda ya ga birni, wai siminti ba irin daɓensu na da ba ne, shi yake riƙe kansa. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce taki ruɓewa yake yi ya zauna, gara ta bi shi, kafin shekara simintin ya dare ya rufta.

"Ta faɗi a taɓo ta tashi," in ji ta. "In ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan wannan, ba na jin za ta tashi."

Abin da na jida da girman kai na kwashe shi da kunya, na kai gona inda ya dace.

Ta sa aka haƙe har aka iske ƙasa mai tauri. Abokina ya ara mini amalanke muka ɗebo marmara. Ita kuma ta aika gida-gida, mata suka fito da madaɓansu, wasu sun yi shekara da shekaru a saƙale a rufin ɗaki. Ba abin da muka iya ba su sai kunu, shi ma tsararo, amma ba wadda ta yi ƙorafi.

Gwaggo ba ta yarda a zuba da yawa lokaci guda. A shimfiɗa kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daɓe, a bar shi ya sha iska, gobe a ƙara. Tana zaune a kan turmi tana ba da waƙa, amma kunnenta na kan madaɓi. Sai ta nuna da sanda ta ce can ba ta ji ƙarar da take so ba, a koma. Ni kuwa idona na gabas, don hadari ya fara leƙowa. Na roƙe ta a rage kwana ɗaya, ta ce in je in ɗebo ruwa.

Ran na shida birkila ya zo. Ya dira dugadugansa a wurin, ya zaga, ya tambayi wane inji muka ɗauko. Aka nuna masa tsohuwa a kan turmi. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya zuba simintin ma sai da ta sa ya bi saman da tsintsiya don kada ya yi santsi.

Bayan mako biyu aka yi ruwan farko. Da ya ɗauke, na ga mahaifiyata ta ɗaga labule, ta sa ƙafa ɗaya ta gwada, ta sa ta biyu. Ta tafi har madafi ba ta dafa bango ba, ta hau matata da faɗa wai ta cika wa miya wuta. Ban taɓa jin faɗan da ya yi mini daɗi haka ba.

Har yau daɓen nan bai tsage ba. Baƙi in sun shigo sukan ce mata Allah ya yi wa ɗanki albarka, ta amsa da amin, ni kuma in sunkuyar da kai, don na san abin da na so binnewa a ƙarƙashinsa. Gwaggo ta rasu a ranin da ya biyo baya. Na yi ta cewa zan je takanas in yi mata godiya in na samu abin riƙewa a hannu. Ban samu ba har aka kai ta. Yanzu addu'a kaɗai nake iya kai mata, kuma ba na fashi.