Baba Silvanus Mai Gani a Juye

Duk hatimin da aka buga a Kafanchan kafin zuwan kwamfuta, da wuya in ba Baba Silvanus ne ya yanka shi ba. Na makarantu, na coci-coci, na ƙungiyar 'yan citta. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ta wajen Gwantu, ya kafa benci a shagon ɗab'in Alhaji Jamiluddeen, daga shi sai reza da guntun roba. Ni ce mai tafireta a shagon, don haka ganau ce ni, ba jiyau ba.

Shi hatimi a juye ake yanka shi, in an buga ya fito daidai. Idon Baba ya saba da haka, har jarida yakan ɗaga ta a rana ya karanta ta baya, muna yi masa tsiya.

A 1996 hannunsa ya soma rawa, reza ta koma cin yatsa. Alhaji ya sayo kwamfuta, ya ce a riƙa tsara hatimi a ciki ana kaiwa Kaduna a zuba a roba, Baba ya koya ko ya je ya huta. Hutun me, ga 'ya'ya a makaranta?

Ya koya kuwa, amma abin da yake tsarawa ko kare ba zai ci ba. Haruffa a cunkushe, da'ira ta karkace. Mutumin da bai taɓa ɓata roba ba! Takaici ya ishe ni, kullum ni da Baba muna cacar baki, shi kuwa sai ramewa yake.

Ana haka wata ɗalibar jami'a, Martina, ta zo wai tana binciken yadda masu aikin hannu ke fama da kwamfuta. Ban yi mata kallon arziki ba. Mutum na nutsewa, ke kin sa kujera kina kallo? Ashe kallon nan ne aikinta. Ta lura Baba yakan tashi ya zagaya bayan kwamfutar ya leƙa, ya dawo yana tsaki.

"Baba, me kake nema a baya?" in ji ta.

"Inda zan gan shi daidai, 'yata. Ta gaba ɗin nan idona bai san shi ba."

Sai ta ari madubin hodata, ta kara shi a gefen gilashin kwamfutar, ta ce ya duba ciki. Baba ya ƙura wa madubin ido. Can ya ce wannan harafi ya matse ɗan'uwansa, wancan ya zame ƙasa. Yana gyarawa yana leƙa madubi, kafin la'asar ga hatimi tsaf kamar na da. Wallahi sai da na fita waje na share ido.

Washegari ya zo rungume da babban madubin matarsa, Mama Yemima, tana biye da shi tana faɗa har bakin titi. Alhaji ya duba aikin, ya aika aka sayo wa Baba kujera mai majingina.

Da za mu tashi, Baba ya zaro rezar daga aljihu ya ajiye kan teburina, ya ce in riƙa feƙe fensir da ita.