Teburin ɗalibar da ba ta iya zama

Shekaru sun ja, na koyar a makarantu da dama, amma abin da ya faru tsakanina da wata ɗaliba a wani ƙaramin kolej na yankin Keita ba zai taɓa fita raina ba.

Lokacin ina sabon malamin lissafi, da zafin kai irin na wanda bai daɗe da riƙe alli ba. A ajin ƙarshe, masu shirin birebe, jarrabawar kammala kolej, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta karkata dama, ta koma hagu, ta miƙe ƙafa, ta janye. Bencin yana ta ƙara, ni kuma bayanina yana ta yankewa. Na ɗauka raini ne.

Wata Talata haƙurina ya ƙare. Na ce ta fita. Ta dafa tebur ta miƙe, amma ta kasa ɗaga ƙafa, zufa na bin wuyanta. Maƙwabciyarta ta ce a hankali, "Mushe," haka yaranmu ke kiran malami, "ba ta iya tahiya." Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Washegari mahaifiyarta ta tako daga ƙauyensu wajen Garhanga. Ba ta zo da faɗa ba. Ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ɗiyata ba ta da raini. Amosanin jini gare ta, ya ci mata ƙugu. In ta daɗe zamne, kamar ana kafa mata ƙusa." Na tambaya don me ba a faɗa mana ba. Ta ce yarinyar ce ta hana, tana tsoron a ce ta bar lakwal, wato makaranta.

Daga ranar na rasa sukuni. Na sami darakta, muka yarda ta riƙa karatu a tsaye. Wani kafinta ya ƙara wa tsohon tebur tsawon ƙafafu, aka ajiye mata a bayan aji kusa da taga. Aka bar ta da goran ruwanta, in ciwo ya taso ta ɗan zagaya ba sai ta nemi izini ba. Ranakun da ta kwanta, ƙawayenta biyu su kwafa mata darasi su kai mata gida. Ciwon dai bai tafi ba, amma makinta ya fara hawa.

Da jarrabawa ta zo, a Keita za a rubuta. Muka ɗaura teburin saman mota tare da tabarmin yara. Da safe na sami shugaban cibiyar, wani dattijo baƙo da aka turo daga nesa, na miƙa masa takardar likita. Ya karanta, ya girgiza kai. "Wanda ke tsaye yana ganin takardun mutane. Kowa zama zai yi." Na yi ta roƙonsa. Ya ce in fita, malaman 'yan takara ba su da wuri a ciki.

Na koma bakin ƙofa. Na zauna kan dutse, na tashi. Na je wajen mai shayi, na bar kofin ban sha ba. Na duba agogo ya fi sau ashirin. Na san iyakarta a zaune, ba ta wuce rabin awa. Kowane lokaci ina jiran in ga an fito da ita riƙe a kafaɗa, shekara huɗu na wahalarta sun tafi a banza.

Can sai ga dattijon da kansa yana sauri. Ya ce, "Ina teburin nan?" Ashe ya shiga ɗakin ne ya tarar ta durƙusa a ƙasa, takardar jarrabawa a kan benci, tana rubutu tana hawaye, ba ta nemi taimakon kowa ba. Ni da shi muka ɗauki teburin har ƙofar ɗaki. Ya sa aka ajiye shi gaba, yana fuskantar bango, yadda ba mai cewa ta leƙa. A haka ta rubuta sauran kwanakin.

Ba ta ci a zagaye na farko ba, sai a na biyu, da ƙyar. Mahaifiyarta ta aiko mini da nono a ƙwarya. Yarinyar ta wuce lise, babbar sakandare, a Madawa, kuma ta ci gaba da kwanciya asibiti lokaci lokaci, don irin wannan ciwo ba ya sallama.

Abin da na koya shi ne, yaro mai ciwo sau da yawa ɓoyewa yake yi, don tsoron a raba shi da abin da yake so. Tun daga nan ban ƙara hukunta ɗalibi ba sai na ja shi gefe na tambaye shi, "Lafiya kake?" kuma na tsaya na ji amsar.