Kunnen Baba Nomau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin da hantsi ina shagona a Zango ina yankan yadi, sai ga Lawali ɗan kabu-kabu, abokin rawata na da, ko moto bai kashe ba. Ya ce, "Habu, Baba Nomau lokaci ya yi." Na ajiye almakashi, na zauna a ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Nomau mutumin Guna ne, manomin hatsi. Shi ya koya mana rawar noma, wadda samari ke yi da haiwa, wato hauyar noma, a hannu, akayau na ƙarfe ɗaure a ƙafa. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Mun je masa muna 'yan zaman kashe wando, ya mai da mu mutane. Wanda ya makara, ko ya zo da warin taba, ranar nan kallo zai yi. Yakan ce, "Rawa noma ce, wanda bai sha rana ba ba ya cika rumbu." Wasu na yi masa gori, wai dattijo da furfura ya ɓuge da tsalle-tsalle. Bai taɓa tanka musu ba. Ana kiran salla ganga ke kwantawa, kuma a sahun gaba za ka same shi.

Yana da wata hanya ta koyarwa da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Ba ya kallonmu. Juya mana baya yake yi, ya runtse ido, ya saurari akayau. Mu goma sha biyu, amma sai ka ji ya ce, "Lawali, kana gaban ganga, ina za ka?" In mun yi dariya ya ce, "Ido ana ruɗinsa da kwalliya, kunne ba ya cin hanci."

Kunnen nan ne ya raba ni da shi. Shekarar da za mu shiga konkur, wato gasar rawa ta jiha, a nan Damagaram, ni ne jagaba. Saura kwana huɗu na gurɗe gwiwar hagu. Na ɗaure ta da tsumma cikin wando, na haɗiyi ƙwayoyi, ban gaya wa kowa ba. Wata uku ina zuba gumi, in bar wa wani? Ina! Ranar gwajin ƙarshe ya juya baya kamar kullum. Ko zagaye ɗaya ba mu gama ba ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya.

"Habu, ƙafarka ta hagu ƙarya take yi."

Na ce, "Wallahi Baba lafiyata ƙalau."

Ya ce, "Kai ka rantse, ita ba ta rantse ba. Kwance akayau ka ba Lawali."

Kowa ya roƙe shi, har makaɗi, don an san in babu ni kofin ya tafi. Shi ma ya sani, ga shi shekara da shekaru yana burinsa. Ya ƙi. Muka zo na uku, kuma har ya koma ga Allah bai ɗauki kofin nan ba. Ni kuwa, da zafin kai irin nawa, na watsar da akayau a gabansa, na ce hassada ce. Lokotoro a asibiti ya gaya mini daga baya cewa da na hau fagen rawar, da gwiwar ta tafi ke nan. Duk da haka girman kai ya hana ni komawa. Shekara shida! Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce.

Juma'ar da ta wuce na ji labari jikin Baba ya tsananta, na tafi Guna. Inna Hadiza, matarsa, ta nuna mini ɗaki. Yana kwance, fuskarsa na bango. Ban ko yi sallama ba, na taka zuwa bakin tabarma. Sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa.

"Habu ne. Hagun ta warke."

Na durƙusa ina kuka, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tun ranar na yafe, ja'iri. Kofi ai kwano ne. Tashi ka ƙara takawa in ji."

Na tashi na zagaya ɗakin sau biyu, yana murmushi.

Allah Ya jiƙan Baba Nomau, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hadiza da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Daga ƙofar gidansa har maƙabarta ina riƙe da makara ban yarda an karɓe ni ba, a kan ƙafafun da ya saya mini da kofinsa. Ya Allah, kamar yadda ya tausaya wa gwiwata, Ka tausaya masa. Amin.