Fuskar da Ba Ta da Idanu

A gefen tashar mota, kusa da mai gyaran takalmi, wani dattijo yana zaune da falankin katako a cinyarsa. Yatsunsa duk sun yi kanta da busasshen gam. Da ƙyallayen da teloli suka zubar, da guntayen waya, da ɓawon ƙwai, ya haɗa fuskar wata mata. Komai ya fito, har wushiryarta, idanu ne kawai babu.

Wata mai jiran mota, wadda aminiyarta ta rasu kwanan nan, ta kasa ɗauke kai. Tana kallo yana zaro maɓalli daga gwangwani, ya ɗora a gurbin ido, ya ja baya, ya cire. Ko fuskar matarsa ce, ko ta 'yarsa? Daga gani babu wanda ya koya masa aikin nan, kewa ce ta zaunar da shi.

"Baba, yau ma makauniya za ta kwana?" in ji mai takalmi cikin tsokana.

"Shekara uku ina nema, ɗana. A da na san irin kallon da take mini. Yanzu ya ɓace mini."

Matar ta runtse ido tana laluben fuskar aminiyarta. Ɗaurin ɗankwalinta ya zo, muryarta ma ta zo, amma kallonta ya ƙi zuwa. Ita kuwa wata biyu ne kacal da rasuwar aminiyar tata.