Ƙarfen da Bature Ya Hana Taɓawa

A zamanin Turawa ni nake tuƙa motar wani Bature likitan dabbobi a Jalingo, irin mai shiga daji ɗin nan. Kusa da giyar motar akwai wani guntun ƙarfe da Baturen ya hana ni taɓawa. Shekara biyu ban taɓa shi ba, ban kuma san aikinsa ba. A lokacin wa ya isa ya tambayi Bature dalili?

Wata damina ina dawowa daga Lau ni kaɗai, sai gatarin baya, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun mota, ya karye a cikin laka. Inji na ta ruri, mota ko motsi ba ta yi. Ina tsaye ina zage-zage sai ga wani dattijo mai sayar da busasshen kifi, wanda na ƙi ɗauka a hanya saboda ƙarni.

Ya sauke kwandonsa, ya ce shi tsohon soja ne, ya tuƙa irinta a yaƙi. Ya kwanta cikin laka da rigarsa, ya zare abin da ya karye, sannan ya nuna guntun ƙarfen nan.

"Ja shi, ɗana. Gatarin gaba zai kai ka gida."

Na ce, "Baba, an hana."

Ya ce, "Wanda ya hana yana nan?"

Na ja, mota ta fita. Har unguwar Majidaɗi a Jalingo na kai shi, kwandonsa a kujerar Bature. Sati guda motar tana ƙarnin kifi, na ƙi wankewa. Allah ya saka masa da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.